Sammacin da Ya Bi Kakana Har Madina

Tun da na dawo 'yan majalisarmu ta ƙofar shagon Sule Tela suka sa ni gaba. Wannan ya ce yaya Madina, wancan ya ce wai an ce na gano dangi Larabawa masu rijiyar mai, har ana shirin aiko mini da mota. Na ba da labarin ya fi sau goma, kuma duk wanda ya ji sai ya tafi ya ƙara masa gishiri, ya dawo mini da shi ban gane shi ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Shekara talatin da biyar na yi ina rajistara a kotu, abin da ba a rubuce yake ba ban cika yarda da shi ba.

A fasfo umra na je, kuma na yi ta, Allah Ya karɓa. Amma abin da ya tashe ni daga Daura daban ne. Kakana na wajen uwa, Mamman Mai Jaki, ya ɓace daga ƙauyenmu Tudun Kanya tun zamanin Turawa, lokacin Hajiya, mahaifiyata, tana 'yar shekara bakwai. Ƙauyen a bakin iyaka yake, in ka wuce gonakinmu na arewa ka taka ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau. Abin da aka sani a gari shi ne wani bafatake ya mutu, an ga gawarsa a kan jakin Mamman da sassafe, dogarai suka zo kama shi, ya tsallake danga, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu suka ce ya yi gabas. Hajiya ta girma ana ce mata 'yar mai kisan kai, har a bakin rijiya. Yanzu ta haura saba'in, amma in an taɓo maganar shiru take yi.

Da na yi ritaya na sami sarari, sai na tafi gidan ajiye tsofaffin takardu a Kaduna. Kwana huɗu ina atishawa kafin a fito mini da fayil ɗin. Na karanta shari'u iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Kumandan na Faransa ya rubuto ya ce a ƙasarsu aka tsinci gawa, mamacin kuma talakansu ne, saboda haka a ɗaure Mamman a miƙo musu shi. Di'o na Ingilishi ya amsa ya ce Mamman a wajensu yake biyan haraji, in ma an yi kisa to a ƙasarsu aka yi, alƙalin En'e ne zai ji maganar, su dai su aiko da wani makiyayinsu da ya ce ya gan shi. Kumandan ya ce ba zai aika talakan Faransa ya durƙusa gaban alƙalin wata ƙasa ba. Di'o ya ce shi ma ba zai ba da nasa ba. Aka kai maganar gaban Razdan, aka auna turken iyaka sau biyu, aka yi ta gardama ko a arewa da turken aka haifi Mamman ko a kudu. Shekara uku takarda na kai da kawowa a kan wa ke da ikon yi masa shari'a, ban ga layi ɗaya inda wani ya tambaya ko ya yi kisan ba. A shafin ƙarshe akwai wata wasiƙa da Faransanci, wanda ba na ji, a ƙasanta Di'o ya rubuta da jan alƙalami cewa ba sauran tuhuma, a rufe a ajiye.

Na sa aka kwafa mini takardun, na kawo wa Hajiya da murnata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To in ba shi da laifi, me ya hana shi dawowa? Ko saƙo ai ya aiko." 

Bayan wata biyu sai ga Malam Garba maƙwabcinmu ya dawo daga umra da 'yar takarda a aljihu. Wai wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Madina, sunansa Salihu, ya ji shi yana cewa shi mutumin Daura ne, ya tare shi ya tambaya ko ya san Tudun Kanya, don garin ubansa ne. Hajiya ta ce in je in tambayo mata. Ta ƙulla daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa ta ce in kai, ba a zuwa wa dangi hannu rabbana.

Jirgin da aka ce zai tashi daga Kano ranar Talata sai Alhamis ya ga dama. A wannan zaman na san matan nan 'yan Kano-Jidda, waɗanda filin jirgi ya zama musu tsakar gida, kowace ta san inda ake samun ruwan zafi da wanda za a gaisar a wuce. Ɗaya daga cikinsu, mai haƙorin Makka biyu, ta ga jakata ɗaya ce, ta jawo wani ƙullin kaya ta ce in taimaka in ce nawa ne. Na tambaye ta me ke ciki, wa ya ɗaure, kuma a gaban wa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ko ni ɗan sanda ne. Na ce a'a, tsohon rajistaran kotu ne. Ta ce ai gara ɗan sanda, ta ja kayanta ta yi gaba. Amma da yunwa ta kama ni ran Laraba, ita ce ta aiko mini da dambun nama.

A Jidda muka yi awa uku a layin jawazat, wato masu duba fasfo. Ba a gaisuwa, ba a tambayar gida, mutum ya dube ka ya dubi hoto ya buga hatimi. Wurin kwastan ne na sha wuya. Jami'in da ya buɗe jakata baƙi ne kamar ni, in ka cire masa kakin ka sa masa hula sai ka rantse ɗan Kazaure ne. Ya kwance ƙullin daddawa, abokin aikinsa ya toshe hanci ya ja da baya. Sannan ya zaro takardun, ya ga hatimi mai kambin sarauta, ya shiga yi mini tambayoyi. Larabcina na makarantar zaure ne, ya iya tsarki da salla, bai iya bayanin kwastan ba. Da na ga ba mafita sai na saki Hausa, na ce takardun shari'ar kakana ne, wannan kuma kayan miya ne. Ya ci gaba da amsa mini da Larabci, amma na lura duk abin da na faɗa ya ji. Daga ƙarshe ya ɗaga ƙullin ya sansana, ya ce, "Daddawa. Ummi tana so." Da hannunsa ya ɗaure mini ita ya mayar cikin jaka.

Kwana uku na yi a Makka. Wannan ba zan tsaya bayaninsa ba, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah Ya kai shi. Daga nan na shiga bas zuwa Madina. Hanya sumul, ba rami, ba mai tsare ka ya ce a ba shi na goro, amma sanyin cikin motar ya isa ya daskarar da kunu. A waje rana kamar ta dafa ƙwai, ni kuwa ina ciki lulluɓe da sallaya. Da muka tsaya cin abinci aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka dire mana faranti ɗaya na shinkafa da kaza mu huɗu da ba mu san juna ba. Na zauna ina jiran miya, har na ga sauran sun kusa kai tsakiya, sannan na gane ba ta zuwa.

Masaukina a Madina ɗaki ne mai gado huɗu a hawa na biyar, na'urar hawa kuma ta lalace tun kafin in zo. Abokin ɗakina wani tsohon malamin makaranta ne daga Damagaram, Mushe Isufu, wato Malam Isufu a bakin 'yan ƙasar Faransa, wanda ya zo da butar shayinsa tun daga gida. Tun ranar farko ya raɗa mini ɗan Ingilishi, ni kuma ina ce masa ɗan Faransa. Da na ji ya ce shekara talatin ya yi yana koyar da Faransanci a lakkwal, sai na zaro masa wasiƙar nan ta ƙarshe. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Ya ce wani sabon Kumandan ne ya rubuta ta. Da ya karɓi aiki ya binciko rahoton gardinsu, wato dogarin da ya fara ganin gawar, ya tarar tun farko an rubuta babu sara babu duka, ƙafa ce a kumbure da saran maciji. Saboda haka Faransa ta daina neman Mamman, kuma yana roƙon a sanar da iyalinsa.

Mushe ya cire tabarau ya ce, "Ka gani? Namu ya ce a faɗa musu, naku ya jefa a durowa."

Na ce ai naku ne ya zauna a kan rahoton shekara uku. Muka kama gardama, kowa yana kare matattun Turawansa, har shayi ya huce. Amma gabana ya faɗi, don ni na san sau nawa na rubuta a ajiye a bayan fayil, na ɗauki buta na tafi salla.

Lambar wayar da Malam Garba ya kawo ba ta cika ba, ya bar ɗaya a hanya. Abin da ya rage a takardar shi ne Salihu, Sultana. Mai masauki ya haɗa ni da wani direban tasi, Abakar, mutumin Chadi mai Hausar Lami, babban birninsu. Da na nuna masa takardar ya yi dariya ya ce, "Ya ammi, Sultana ai ba lungu ba ce, shari'i ne, titi dogo, ka yini ba ka gama ba. Mene ne sunan gidansu?" A can kowa da sunan asalinsa a jikin takardunsa, Hausawi, Fallata, Barnawi. Na ce ai ba tambaya, Hausawi ne. Muka yi ta shiga shaguna har azahar. Mun sami Salihu Hausawi uku, ɗaya mai sayar da agogo, ɗaya mai gasa kaji, ɗaya kuma ya rasu bara. Sai wani mai walda ɗan Sudan ya ce in mai gyaran mukayyif muke nema, wato na'urar sanyi, ai wannan Barnawi ne, yana bayan gidan mai. Na ce ba shi ba ne, mu ba mu haɗa komai da Barno ba. Abakar ya ce tunda mun zo mu leƙa, baƙo ko da ido makaho ne.

Ina shiga shagon na san shi ne. Goshin Hajiya ne, da wushiryarta, a fuskar namiji mai farar jallabiya. Na ce Tudun Kanya. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya rungume ni, ya sumbaci kafaɗata dama da hagu, abin da ban saba ba, na tsaya ƙiƙam kamar turmi. Ya ce, "Ahlan, ahlan. Yani kai ne ɗan ukhti, ɗan yayata? Wallahi ban san ina da ya ba sai da Baba ya kwanta ciwon ajali." Ya ce shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar, kuma tun daga lokacin yake tambayar alhazan Daura. Da muka yi lissafi sai ga shi na girme shi da shekara huɗu. Duk da haka Kawu na kira shi, tunda ƙanen uwa ne, shi kuwa ya karɓa da sauri har da gyara zama.

Gidansu yana wajen Ƙiblatain. Aka kai ni ɗakin baƙi, Kawu da kansa ya tsaya a kaina da butar gahawa. Ɗan kofin bai fi murfin kwalba ba, gahawar kuma ɗaci, ba sukari, sai dabino a gefe. A gida an koya mana abin da aka ba ka ka cinye, shi ne ladabi. Ina shanyewa in miƙa masa kofi sai ya sake cikawa. Na ce a raina mutumin nan yana gwada ni ne, ba zan ba Daura kunya ba. Sai da na sha tara, zuciyata na bugawa kamar ana daka, sannan ya fashe da dariya ya ce a nan in ka ƙoshi girgiza kofin ake yi, in ba ka girgiza ba har magariba zai yi ta zubawa. 'Ya'yansa suka shigo gaisuwa, manya da su, in na yi musu Hausa su yi murmushi su amsa da Larabci.

Bayan la'asar aka ce mahaifiyarsa, Hajja Amna, tana kirana ciki. A can baƙo namiji ba ya wuce ɗakin baƙi, amma ta ce wannan jikanta ne. Bahaushiya ce haihuwar Sudan, sa'ar Hajiya, tana zaune a kan katifa da carbi. Tana ganina ta ce ashe mijin nata ma tsoho ne, an cuce ta. Na ce biko na zo, ga kayan miya na kawo. Ta karɓi daddawar ta riƙe a cinya ba ta ba kowa ba. Na faɗa mata saƙon Hajiya kamar yadda ta ba ni, ban rage ba ban ƙara ba.

Ta ce bai kashe kowa ba, wannan ya rantse mata tun kafin aure. A zamanin, in aka tsinci gawar baƙo a ƙasar gari, garin duka Turawa ke ɗora wa tara, a tasa ƙeyar dattawa zuwa birni a yi wata ana tambayarsu. Sai mutane suka gano dabara: in gari ya waye da gawa, a lallaɓa a tsallakar da ita gonar maƙwabta, su ji da ita. Kowane ƙauye ya san wannan, kuma kowa yana yi wa kowa. Da aka ga bafataken a gonar Tudun Kanya, mai gari ya kira mutum huɗu, ya sa suka dafa Alƙur'ani ba za su faɗa ba. Mamman ne mai jaki, shi ya sa shi aka gani a gaba. Cikin sauran ukun har da surukinsa, kakan Hajiya. Kuskurensu ɗaya, sun saba tsallakar da gawa zuwa gonar wani ƙauye, ba su lura wannan karon wata daula suka kai wa ba.

Ya san in ya shiga hannu sai an matsa masa ya faɗi sunaye, shi ya sa ya gudu. Saƙo kuwa ya ce duk takarda sai ta bi ta hannun malamin Di'o, duk ɗan aike kuma baki gare shi. Ya nufi gabas, amma ina? A Lami Faransa ce, a Sudan Ingilishi ne, duk tsawon hanyar ba inda zai taka sai ƙasar ɗaya daga cikin masu nemansa. A Lami ya koma cewa shi mutumin Barno ne. Ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Sudan, can ya aure ta. Ran da wani malamin gona ya zo rubuta sunayen ma'aikata da garuruwansu, washegari suka bar amfaninsu a tsaye suka nufi bakin teku. Sai a Hijaz ya fara barci da ido biyu rufe.

Na ce to bayan an sami mulkin kai fa? Ta ce an faɗa masa Turawa sun tafi, ya ce Bature ya tafi amma takardarsa ba ta tafi ba, sammaci ba ya tsufa. Tsohon gidansu a wani lungu yake kusa da Harami, inda alhazan Najeriya ke kama ɗaki, yanzu duk an rushe an shigar cikin masallaci. Ita tana sayar musu da koko da ƙosai a bakin ƙofa, shi kuwa da zarar alhazai sun fara sauka sai ya daina zaman waje. Mutumin da ke son hira kamar me, in ya ji Hausar Daura a lungu sai ya tsaya bayan ƙofa yana saurare, ba ya fita.

A nan ne na yi wautar da har yau take damuna. Na ɗauka albishir na zo da shi. Na zaro takarduna na gyara murya kamar ina gaban alƙali, na karanta musu hukuncin Di'o, na ƙara da fassarar Mushe. Na ce su kwantar da hankali, an wanke Baba, ba wanda ke nemansa. Kawu ya ce Alhamdu lillahi. Hajja Amna kuwa ta tambaye ni yaushe aka rubuta wannan.

Na ce, "Shekara uku bayan gudunsa."

Ta ce, "Kafin ya aure ni ke nan."

Na ce haka ne. Ta ce to audugar da suka bari a tsaye fa, da shekara talatin na bayan ƙofa? Ba ni take tambaya ba. Na ji kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa takardun, na tura su ƙarƙashin cinyata.

Da ta sake magana muryarta ba ta canja ba. Ta ce shekara huɗu kafin rasuwarsa, lokacin alhazai, wata maƙwabciya ta shigo ta ce akwai wata mata 'yar Najeriya tana bin gida gida tana tambayar Mamman Mai Jaki na Tudun Kanya. Duk Madina ba wanda ya san wannan suna sai ita. Da ta faɗa masa ya ce, "Khalas, sun iso. Haka suke yi, su turo mace." Ya hau ɗakin soro, bai sauko ba sai da alhazai suka watse, har Juma'a biyu ta wuce shi. Matar kuwa ta zo har ƙofarsu. Hajja Amna ta ce mata ba su san mai wannan suna ba, ta ba ta ruwa ta sha, ta wuce gida na gaba.

Ashirin da biyu da huɗu, ashirin da shida. Shekarar da aka canja fam zuwa naira ke nan, ni da kaina na raka Hajiya filin jirgin Kano za ta aikin hajji. Tsohuwar ta karanta a fuskata.

Ta ce, "Ita ce ko? Na san ya bar 'ya a gida. Amma kullum in ya ambace ta 'yar shekara bakwai ce, wadda ta zo kuwa sa'ata ce, har da furfura. Ka ce mata ta yafe mini, ya waladi."

Washegari bayan sallar asuba Kawu ya kai ni Baƙi'a. A can ba a rubuta suna a kabari, ba a ɗaga shi, dutse ne kawai a kai, sarki da talaka duk ɗaya. Ya nuna mini wani gefe da hannu ya ce nan wajen ne, shi ma ba zai iya cewa ga shi ba. Na yi addu'a ga duk wanda ke wurin. Sauran kwanakina huɗu na yi su tsakanin masallaci da gidan Kawu, inda aka yi miyar kuka aka ci da cokali. Suka haɗa wa Hajiya dabino da turare da hotuna. Mushe Isufu ya raka ni har bakin mota yana cewa in gaida Ingilishi. Jirgin dawowa ya makara da kwana ɗaya kacal, wanda masana suka ce sa'a na yi.

Tun daga Jidda har Daura ina shawara da zuciyata abin da zan faɗa da abin da zan bari. Na sami Hajiya da hantsi a tsakar gida tana tsince wake. Na ba ta kaya, ta daɗe tana kallon hoton Kawu. Na ba ta labarin gawa da jaki da rantsuwa, na ce bai yi kisa ba, kuma don ya rufa wa kakanta asiri ya tafi. Na faɗa mata tsoro ne ya hana shi aike, ba mantuwa ba. A nan na yi niyyar tsayawa. Amma Hajiya ba ta yi boko ba, lissafi kuwa ba a kama ta. Ta tambaye ni shekara nawa da rasuwarsa, na faɗa. Ta ture farantin waken gefe.

"Shekarar da na je yana raye ke nan."

"Yana raye, Hajiya."

"Ya ji ina nemansa?"

Na ce, "Ya ji ana nemansa. Bai san ke ce ba." Sannan na faɗa mata sauran, har ruwan da aka ba ta, har saƙon Hajja Amna.

Ta ce ƙofofi da yawa ta ƙwanƙwasa a kwana takwas ɗin nan, ba za ta iya tuna wacce ba ce, kuma matar ba ta yi mata laifin komai ba, mijinta ta rufa wa asiri. 

"Sunansa na yi ta faɗa, da sunan gari, kamar mai sammaci," in ji ta. "Ba wanda na faɗa wa nawa. Da na ce Kande ce, ai da ya sauko."